Maki Biyar da Suka Kayar da Reski

A garin Bantaeng, a bakin teku, akwai wata yarinya mai suna Reski. Mahaifinta, Daeng Tompo, noman ciyawar teku yake yi. Mahaifiyarta kuma tana ɗaura irin ciyawar a jikin igiya tare da matan unguwa.

Reski gwanar lissafi ce. Kafin malami ya gama rubuta tambaya a allo, ta riga ta ɗaga hannu. Kowa na yabonta. A hankali yabon ya hau mata kai.

Da ta gama sakandare, ta yi rajistar jarrabawar shiga makarantar horar da ma'aikatan gwamnati. Duk wanda ya gama wannan makaranta, aiki na jiransa. Dubban ɗalibai ke zama jarrabawar, amma kaɗan ake ɗauka.

Jarrabawar kashi uku ce. Akwai lissafi, akwai tarihi da dokokin ƙasa, akwai kuma tambayoyi kan halin ma'aikaci nagari. Kowane kashi yana da makin da dole a kai. Wanda ya gaza a ɗaya, ya faɗi duka.

Wata rana Malama Sumarni, mai koyar da tarihi, ta tare ta a ƙofar makaranta.

"Reski, ban ga ƙeyarki a ajin bita ba."

"Malama, ai lissafina zai ɗauke ni."

"Murhu duwatsu uku gare shi, 'yata. Kin taɓa ganin tukunya a kan dutse ɗaya?"

Reski ta yi murmushi kawai, ta wuce.

Ƙawarta Kasmi kuwa kullum tana ajin bita. Reski ta riƙa tsokanarta. "Ke Kasmi, wannan karatu naki kamar tafiyar kunkuru! Sai mun yi ritaya za ki iso."

Kasmi ta ce, "Ba komai, in dai zan iso."

Ranar jarrabawa suka tafi birnin Makassar. Ɗalibai suka shiga babban ɗaki cike da kwamfutoci. Iyaye suka zauna a waje ƙarƙashin rumfa, suna kallon wani babban allo da ke nuna makin kowa yana hawa.

Reski ta fara da lissafi. Tana ta gudu, sai ta ci karo da wata tambaya mai wuya. Ta gwada, ba ta fita ba. Ta sake gwadawa.

"Ni tambayar lissafi za ta gagara?" ta ce a ranta. "Wallahi sai na ga bayanki."

Ta ga bayanta kuwa. Amma da ta ɗaga kai ta dubi agogo, sai gabanta ya faɗi. Minti goma sha biyar sun tafi a kan tambaya ɗaya. Ga tarihi ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta shiga danna amsoshi da ka har lokaci ya cika.

Da ta fito, ta tarar da mahaifinta tsaye gaban allon, ya cire hularsa ya riƙe. A lissafi ta fi kowa a ɗakin. A tarihi kuwa maki biyar suka rage mata. Tambaya ɗaya ke nan.

Kasmi ta haye a kashi ukun duka.

Reski ta bi iyayenta suka hau mota. Da suka isa gida ta shige ɗaki. Gidan na katako ne a kan dogayen ginshiƙai, kuma kwana uku ba ta sauko ƙasa ba.

A rana ta huɗu mahaifiyarta ta kawo mata soyayyar ayaba.

"Mama, ni ba ni da sa'a," in ji Reski tana kuka.

"Kul! Kada ki ɗora wa sa'a laifi. Sa'a ce ta hana ki zuwa ajin bita?"

Reski ta sunkuyar da kai.

"Shekarar da igiyar ruwa ta kwashe gonar babanki, kin ga ya kwanta? Washegari ya tafi neman sabuwar igiya. Wanke fuskarki, ki je ki ba malamarki haƙuri."

Reski ta tafi. Malama Sumarni ba ta yi mata gori ba. Ta ba ta kujera da shayi, sannan ta miƙa mata wani sabon littafin rubutu.

"Wannan na kurakurai ne. Duk tambayar da kika faɗi, ki rubuta ta, ki rubuta dalilin faɗuwar. Rashin sani ne, ko gaggawa, ko taurin kai?"

"Malama, ai zai cika."

"Haka nake so. Gara ya cika a gida da ya cika a ɗakin jarrabawa. Sannan abin da kika fi ƙi, da shi za ki fara kowace safiya, tun kanki yana sabo. Lissafi ki bar shi sai yamma."

"To in na sake haɗuwa da tambaya mai wuya fa?"

"Ki yi mata sallama ki wuce. Makinta ɗaya da na mai sauƙi. In lokaci ya rage, ki dawo ki same ta. Ba inda za ta."

Reski ta kama aiki. Bayan sallar asuba sai tarihi da dokokin ƙasa. Da farko haddacewa kawai take yi, bayan kwana biyu ta manta. Ta kai kuka wurin Malama.

"Je ki koya wa wani," in ji Malama. "Abin da ba ki iya bayyanawa ba, ba ki sani ba."

Sai Reski ta sauko ƙarƙashin gida, inda mata ke zama a inuwa suna ɗaura ciyawa. Ta ɗauki igiya, tana ɗaurawa tana yi musu bayanin yadda ake yin doka a majalisa.

Kakarta, Saribanong, ta katse ta. "Tsaya, ƙawata. In majalisa ta yi dokar da ta saɓa wa babbar dokar ƙasa, wa zai ce mata a'a?"

Reski ta shiga kame-kame.

Matan suka kwashe da dariya. Kaka ta ce, "Ashe gwanar tamu gwangwani ce, sai ƙara! Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba na ƙure ki."

Reski ta ji kunya, amma ba ta yi fushi ba. Ta hau sama ta duba littafi, ta dawo da amsa. Tun daga ranar, kullum Kaka sai ta tanadi tambaya.

Ranar Asabar kuwa gwaji take yi. Ta saita agogo, ta amsa tambayoyi ɗari da goma cikin minti ɗari, ba tashi, ba waya. A wata na huɗu makinta ya sauka maimakon ya hau. Ta kusa jefar da littafin. Daga baya ta ɗauki waya ta kira Kasmi, wadda yanzu take makarantar horar da ma'aikatan.

"Kasmi, ki yafe mini abin da na riƙa faɗa miki."

"Lah, kunkuru kike nema yau?" Kasmi ta yi dariya. "Ya wuce. Ni ma haka makina ya yi. Kada ki dubi na mako ɗaya. Duba littafinki, kuskuren da kika yi wancan watan kina sake yin sa?"

Reski ta duba. Ba ta sake ko ɗaya ba. Sababbi ne duka. Sai hankalinta ya kwanta.

Shekara ta zagayo. Suka koma Makassar, har da Kaka, wadda ta ce ba za a bar ta a baya ba.

Reski ta zauna gaban kwamfuta, ta yi bismillah, ta fara da tarihi. Tana karanta tambaya, sai ta ji kamar muryar matan unguwa ce ke tambayarta. Da ta zo lissafi, ga wata doguwa mai wuya. Zuciyarta ta ce, "Tsaya ki nuna mata." Reski ta ja numfashi, ta wuce. Ta gama zagaye da sauran minti tara. Ta dawo ta warware ta a natse.

A waje kuwa, Daeng Tompo ya kasa zama. Sunan 'yarsa yana can ƙasan allo. Ya hau na talatin. Ya hau na goma sha biyu.

"Ina take? Ina take?" in ji Kaka. "Idona ba ya kaiwa!"

"Ta bakwai, Inna! Ta huɗu!" in ji Daeng Tompo.

Lokaci ya cika. Sunan Reski ya tsaya na biyu, kuma ta haye a kashi ukun duka.

Mahaifiyarta ta rangaɗa guɗa, har mai gadi ya waiwayo. Da Reski ta fito, mahaifinta ya tarbe ta. Ya dafa kanta, hawaye na bin kumatunsa.

"Baba, na yi!"

"Kin yi, 'yata. Alhamdu lillahi."

Kaka ta buga sandarta a ƙasa. "To, wa ya koya mata? A kai ni a saya mini coto, farfesun nan na Makassar, da nama da yawa!"

Bayan wata biyu Reski ta ci gwajin lafiya da na ganawa. Sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka. Kafin ta tafi, Malama Sumarni ta kira ta ta yi wa 'yan aji uku magana.

Reski ta tsaya a gabansu ta ce, "Ƙannena, na faɗi sau ɗaya, kuma ba don ba ni da ƙwaƙwalwa ba. Girman kai ne ya kayar da ni. Kada ku guji darasin da ke ba ku wuya, shi ya fi buƙatarku. Ku tambayi wanda ya sani, ko da kuna ganin kun fi shi. In kun faɗi, ku nemi dalili, ku gyara, ku sake tashi."

Ajin ya ɗauki tafi. Washegari da safe, duk unguwa ta fito rakiya har tasha.