Allurar Baba da Mai Gyaran Firij

Ranar da Auta ta fara ganin Mai Firij, kansa na cikin firijinsu, ƙeyarsa kawai ake gani. Da ya juyo, sai ta manta abin da ya kawo ta kicin.

"Zai gyaru yau?" ta tambaya. "Allurar Baba ce a ciki."

Shekara uku Baba na fama da ciwon gaɓɓai, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Sai likita ta ɗora shi kan wata allura duk sati biyu. Sojojin jini ne iri ɗaya da ake haɗawa a ɗakin gwaji, su je su kama abin da ke kumbura gaɓɓan kai tsaye. Tana son sanyi, amma in ta daskare sai shara, kuma sai an jira wata guda kafin a samo wata.

Mai Firij ya rataya ɗan ma'aunin sanyi a ciki, ya ce zai riƙa leƙowa. Kullum sai ya leƙo.

"Firijin nan ya fi ni samun masu dubiya," in ji Mama.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayar Auta: "Sanyin idona, ma'auni na kan biyar. Zuciyata kuwa ta haura arba'in."

"To a kira mai gyara."

"Ai ke ce."

Da maganar aurensu ta taso, Baba ya ce sam. "Mutumin da ƙeyarsa kawai na sani? Ga ɗan ƙanwata mai shagon waya."

Wata Asabar ɗan ƙanwar ya zo da katan ɗin lemo, ya shiga kicin ya jera, ya dawo falo yana gyara hula.

"Kawu, na mayar maka da maganinka sama wajen ƙanƙara. Abu mai daraja ba a barinsa kusa da tumatir."

Auta ta miƙe zumbur. Allurar gobe ce, kuma ita kaɗai ta rage. Ta ruga kicin ba takalmi, sai ga Mai Firij tsaye da kwalin a hannu.

"Na ga ba ta inda kike ajiye ta," ya ce. "Bai fi minti biyar ba. Amma kada mu yi shaci-faɗi, mu kai wa likita ta duba."

Likita ta yi tambayoyi, ta ɗaga allurar a haske, ta ce ba ta daskare ba.

Kwana biyu bayan an yi masa ita, Baba ya ce, "Kira min mai ƙeyar nan, in ga fuskarsa."

Ranar ɗaurin aure Baba da kansa ya sa maɓallan rigarsa, ya damƙe hannun ango da ƙarfi har sai da ango ya yamutsa fuska.

"Na ba ka ita. Amma firijina, kullum ka leƙo shi."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.