Kofin da Burul Apa Ta Cika

A gidan Burul Apa, can cikin tsaunukan Narin, ba a cika wa mutum kofin shayi. Rabi ake zubawa, in ya shanye a ƙara masa. Wanda aka cika wa har baki ya san an sallame shi, sai ya nemi takalmansa. Shekara biyu ke nan Merim na aikin zuba shayin, tun ranar da aka yafa mata farin ɗankwali ta zama matar Tilek, autan Burul, wadda duk gidan ke kira Apa, wato uwa. Mazauninta kusa da ƙofa ne, gefen buta, inda kowace matar ɗa ke zama.

Ranar Litinin da safe, ana karyawa da gurasa da man shanu, Tilek ya gyara murya sau uku kafin ya iya magana.

"Apa, an ɗauki Merim aiki a Bishkek, babban birni. Cikin masu digiri ɗari biyu, takwas aka zaɓa. Wata tara za su yi a majalisa, suna taya kwamiti rubuta dokokin da suka shafi mata. Ana jiran amsarta zuwa azahar ɗin Juma'a."

Burul Apa ta ci gaba da tauna. "Wa zai zuba min shayi? Kwamitin?"

"Ni zan zuba."

"Kai? Likitan tumaki? Ranar da ka dafa madara, ko kare bai sha ba." Ta juyo wajen Merim. "Auta shi ke riƙe gida, matarsa ke riƙe murhu. Kin san haka kika shigo."

"Na sani, Apa," in ji Merim, idonta a kan buta.

Saltanat, yayar Tilek, wadda ta dawo gida bara da 'ya'ya biyu, ta ce ita za ta riƙe murhun. Uwar ta harare ta. 'Yar gida baƙuwa ce, a sama take zama, can ƙuryar ɗaki wurin manya, ba a zaunar da ita bakin ƙofa.

Da rana Tilek ya iske matarsa a garke tana kuka ba sauti. Ya zauna kan damin ciyawa ya kama hannunta.

"Ki rubuta musu kin amince. Zan sa ki a mota, in dawo in sha faɗan ni kaɗai. Na saba."

"In tafi ba da albarkarta ba? In je in rubuta dokar gyara gidajen mutane, na bar nawa a tsage?" Ta share ido. "In ba ta yarda ba, Juma'a ta wuce. Amma ka sani, Tilek, zan ji zafin abin har tsufana."

"Ni ma," ya ce. Ya ƙara riƙe hannunta.

Laraba abin ya ƙara lalacewa. Wata maƙwabciya ta shaida wa Burul Apa cewa rubutun da ya sa aka zaɓi Merim a kan wata mata ne da liman ya ɗaura wa aure amma ba a yi rajista ba, da mijin ya kore ta bayan shekara goma sha ɗaya, kotu ta ce a takarda ba matarsa ba ce, ba ta da komai a gidan da suka gina tare. Duk ƙauyen sun san wace ce.

Tsohuwar ta shigo a fusace ta tsaya a kan Merim. "Kin ɗauki kunyar 'yata kin kai birni, don a ba ki kujera?"

Merim ta sunkuyar da kai. Saltanat ce ta amsa daga inda take tsefe wa 'yarta kai.

"Ni na ce ta rubuta, Apa. Ni na zauna na faɗa mata komai, har yawan tubalin da na ɗauka a bayana."

"Ke? Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Don ke kika ce kada mu damu da takarda, Allah ya gani ya isa. Allah ya gani, Apa. Alƙali ne bai gani ba." Ta ɗaure gashin yarinyar a hankali. "Ba laifinki nake gani ba. Haka aka yi naki auren. Amma wannan za ta girma."

Burul Apa ta dubi jikarta ta daɗe. Sannan ta juya ta fita. Ranar Alhamis ba ta yi wa kowa magana ba, Merim kuwa ta zuba mata shayi sau bakwai, rabi-rabi, kamar kullum.

Juma'a da hantsi, da aka shimfiɗa ledar abinci, Merim ta tarar an riga ta zama a bakin ƙofa. Burul Apa ce, buta a hannunta.

"Hau sama ki zauna kusa da Saltanat."

"Apa, ba wurina ba ne."

"Yau wurinki ne. Gwiwata ba za ta jira gardamarki ba."

Merim ta zauna a ɗarare. Tsohuwar ta ɗauki kofi ta fara zubawa. Ya kai rabi ba ta tsaya ba. Tilek ya buɗe baki, yayarsa ta taka masa ƙafa. Sai da shayin ya taɓa bakin kofin ta miƙa shi da hannu biyu.

"Shekara arba'in ban taɓa cika wa kowa kofi ba. Sha ki tafi, 'yata. Ki rubuta musu da kyau, yadda ko alƙali mai barci zai gane." Ta ɗaga tafukanta, kowa ya ɗaga nasa. "Allah ya buɗe miki hanya, ya dawo min da ke. Wata tara na ce, ba goma ba. Shayin wannan yaron zai kashe ni."

Merim ta sha tana hawaye, rabin shayin ya zube a zaninta. Tilek ya riga ya fita neman inda waya ke kamawa, don ya aika amsar kafin azahar.

Da ta hau mota a ɓoye, da ta isa Bishkek ita kaɗai. Da ta yi haƙurin kwana huɗu, sai ta tafi da gidan gaba ɗaya a bayanta. Mai son gyara wa mutane doka, ya fara da girmama waɗanda yake zuba wa shayi.