Takalmi a Kan Yashin Lamido

"Da takalmi fa, Taufiƙ? Da takalmi ka taka yashin?"

Ya jingina da motonsa, wato babur ɗinsa, a ƙofar shagon ɗinkin da nake aiki, ya haɗe rai.

"Salamatu, gidan haya ne a unguwar Djamboutou. Ina zan san fada ce?"

"Ba ka ga Baba a tsugune ba? Ba ka ga takalman mutane a jere ba?"

"Na gani." Ya kau da kai. "Na gani, masoyiyata... ƙafata ce ta ƙi."

Shekara uku muna tare, ranar da zai fara gaida mahaifina kuma ita ya zaɓa ya yi min haka.

Babana, Alhaji Dawuda, shi ne Sarkin Hausawa a fadar Lamidon garinmu, kamar yadda kakana ya riƙe kafin shi. Da ƙanen Lamido ya tashi neman kujerar, gari ya rabe biyu. Unguwa ta far wa unguwa, aka ƙona rumbuna, aka yi gawa goma sha ɗaya kafin jandarmomi su iso. Ƙanen ya ci. Fadawa suka juya rawunansu suka bi sabo, Baba kaɗai ya biyo tsohon zuwa Garoua. Kowace Juma'a da kansa yake ɗebo yashi daga kogin Binuwai ya shimfiɗa a ƙofar gidan hayar da Lamidon ya sauka, don ƙofar Lamido ba ta zama babu yashi, kuma ba a taka shi da takalmi.

Cikin gawa goma sha ɗayan nan akwai Mahamat, yayan Taufiƙ.

"Ka je ka ba da haƙuri," na ce. "Ka san al'ada. 'Yar bafade 'yar Lamido ce, shi ke ba da aurenta. In bai ba ka ba, wa zai ba ka ni?"

"In durƙusa wa wanda dogarawansa suka kashe min ɗan'uwa?"

"To ni na kashe shi?"

Ya tada moto ya bar ni da ƙura.

A gida na tarar da Baba yana goge sandar Lamido da tsumma. Ko kallona bai yi ba.

"Yaron nan kada ya sake zuwa."

"Baba, kuskure ne..."

"Raini ne. Ubansa na can yana faɗuwa gaban ɓarawon kujera, shi kuma ya zo ya taka mana abin da ya rage."

"Me ya rage, Baba? An ƙona gidanmu. Inna ta rasu a ɗakin haya, ba bafade ko ɗaya da ya zo gaisuwa. Na bar makarantar lise na koma ɗinki, ban ce komai ba. Yanzu kuma ni ma za a binne ni cikin yashi?"

Sai a lokacin ya ɗago.

"Kakanki ya rantse, na rantse. Ba a rantse wa sarki don ranar daɗi kawai. Tashi ki ba ni wuri."

Kwana biyu ina kuka ina huci. A na uku, da hantsi, na yi abin da mace ba ta yi sai an kira ta: na tuɓe takalmina, na ratsa yashin, na shiga zauren Lamido.

Yana zaune kan kujerar roba, ya rame, carbi a hannu. Baba na gefe a ƙasa. Da ya gan ni sai ya zabura.

"Ƙyale ta, Dawuda," in ji Lamido. "Matso, 'yata."

Na zube, na kira shi yadda fadawa ke kiransa. "Barkama, an ce ni 'yarka ce. In gaskiya ne, ƙara na kawo wurin ubana."

Na faɗi komai, har da sunan Mahamat. Ina magana hawaye na ɗiga a tabarma. Tsohon ya ja carbinsa.

"Yaron yana da gaskiyarsa," ya ce a hankali. "Da ni ne, da na taka ni ma. Ba sai ya zo ba. Ranar Juma'a waliyyansa su zo masallacin unguwa, na ba shi."

"Barkama..." Baba ya fara.

"Sarkin Hausawa, umarni ne."

Baba ya sunkuyar da kai har rawaninsa ya taɓa ƙasa. "An gama, Allah ya ja zamaninka."

Ya kamata in yi murna. Sai ga ni ina tafasa. Kukana na kwana da kwanaki bai motsa shi ba, kalma biyu daga bakin sarki ta karya shi kamar kara.

An ɗaura auren ranar Juma'a. Taufiƙ ya kira ni yana dariya yana kuka. "Amaryata, kin zama tawa." Na ce masa ya dakata, akwai wanda ban yi wa sallama ba.

Da la'asar, mota na jira a waje, na shiga ɗakin Baba cikin lulluɓi na durƙusa, na kama ƙafarsa.

"Baba, ka sa min albarka."

Ya janye ƙafar a hankali, ba da faɗa ba. Idanunsa jawur.

"Lamido ya aurar da 'yarsa, na kuma yi shaida. Je ki wurinsa ya sa miki."

"Kai ne ka haife ni..."

"Wadda na haifa ba ta kai ƙarar ubanta fada." Ya juya fuskarsa ga bango. "Allah ya kiyaye hanya, Salamatu."

Na jira ya waiwayo. Na jira har gwaggona ta shigo ta ɗaga ni, tana cewa ango ya gaji da jira.