Inuwar da Ke Gefen Ɗanyen Hoto

'Yan sanda a Birnin Kebbi sun tsare Alhaji Riskuwa, mai shagon ɗaukar hoto a unguwar Nasarawa, kan satar katin adana hotuna na kyamara. Shi ne ya kai ƙarar da ta kama shi.

Ranar Litinin ya shaida wa Sufeto Aminullahi cewa tsohuwar ɗalibarsa, Baiwa, ta saci hotonsa ta shiga gasa da shi. Hoton wani masunci ne a Argungu, rungume da giwan ruwa. Ƙungiyar masu hoto ta riga ta dakatar da ita.

Hujjarsa ɗanyen hoton ne, wato yadda kyamara ta ɗauke shi kafin a taɓa. Baiwa ba ta da nata. Ta ce katinta ya ɓace tun da ta kai masa kyamara gyara, ƙaramin kwafi kawai ya rage a wayarta. Da aka tambaye ta wa take zargi, ta sunkuyar da kai ta ce ba kowa.

Sufeto ya je Argungu ya sami masuncin, Munzali. Shi dai Riskuwa ya riga ya ce daga cikin jirgin ruwa ya ɗauki hoton. Munzali ya ce bai tuna fuskar mai ɗaukar hoton ba, amma babu jirgi kusa da shi ranar.

Ranar Laraba Sufeto ya haɗa su a ofis, kowa da kwamfutarsa, ya ce kowa ya buɗe ɗanyen hoton da Riskuwa ya kawo.

A manhajar gyaran hoto ta Riskuwa, masunci ne da kifi, sauran wurin duhu. Manhajar Baiwa daban ce, ba ta karanta gyaran da waccan ta adana. Hoton ya fito fari-fari, da faɗinsa duka.

"Me ya sa naki ya fi faɗi?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, ɗanye ba ya yankuwa. Tashi manhajar ɓoye gefen kawai ta yi."

"Ƙara haske a ƙasa."

Ta ja hasken a hankali, sai ta tsaya. A kan yashin gaɓa inuwar mai ɗaukar hoton ta fito, hannaye a ɗage, hijabi har gwiwa.

"Alhaji, hijabi kake sawa wurin aiki?"

Riskuwa ya cire tabarau. Ya ce shekara talatin yana zuwa ruwan Argungu bai taɓa samun hoto irin wannan ba. Da ta kawo kyamara gyara ya ga hoton a katin, ya kwafa, ya ɓoye katin, ya yanke gefen da inuwar take, yana zaton ya tafi ke nan. Da ya ji ta shiga gasa, tsoron tonuwa ya sa ya riga ta kai ƙara.

"Baba, da ka tambaya, da na ba ka shi," in ji Baiwa. Ba ta dube shi ba.

Ya roƙi a fitar da shi ta ƙofar baya. Sufeto ya yarda.

Har yanzu ba a ɗage dakatarwar Baiwa ba. Dokar ƙungiyar ta ce sai shugaba ya sa hannu, shugaban kuwa Riskuwa ne.