Yarinyar da Ta Auna Kogi

An cuce ni, jama'a, cutar da ba a taɓa yi wa mai hikima irina ba!

A can da, kogin garinmu ya fara cika. Wata yarinya ta kafa sandar awo, na tuge. Ta kafa, na tuge. Ta sake kafawa, ta zauna gadi. Da ta samu awo biyu, ta ja miƙaƙƙen layi a ƙasa, ta ce, "Kawu, jiya taƙi uku, yau biyar. Kullum ƙarin biyu. Rumbuna suna daidai taƙi goma sha uku, saura kwana huɗu ruwa ya kai su. A kwashe gero!"

Na ce, "Ke, kogi ya shiga makaranta ne?"

Rana ta huɗu ruwa ya iso rumbuna, kowa ya riga ya kwashe nasa, gerona kaɗai ya jiƙe. To, gaskiya, sau uku tana zuwa da kwando ta taya ni kwasa, ina korar ta.