Furen da Ba a Tambayar Sunansa

Na ga wawaye da yawa a Damargu, amma ban ga kamar Manzo ba. Ma'aikacin gandun daji ne daga Damagaram, ɗan lakwal, wato ɗan boko, mai gajeren wando. A damanar 1964 Nasaran da yake yi wa aiki ya turo shi ya ɗauki hoton furannin daji, ya rubuta sunayensu. Ni Ila, mai raƙumi, aka ce in kai shi duwatsun bayan Tarka.

Tun a hanya na gaya masa. Akwai wani jan fure a gindin dutsen, yana da mai shi. Masu magani sukan yi sallama, su zuba gero tafi ɗaya kafin su matsa kusa. Kuma ba a tambayar sunansa a wurin, don mai shi yakan karɓe sunan wanda ya tambaya.

"Tsoho, ajiye geronka ka yi fura," in ji shi, yana dariya.

Rainin ya ɓata mini rai. Na ja raƙumi muka ci gaba.

Mun isa rana na shirin faɗuwa. Ga furen nan shi kaɗai tsakanin duwatsu biyu, ja kamar jini. Manzo ya durƙusa ba sallama, ya kafa ido a na'urarsa ta ɗaukar hoto. Ƙyas!

Gyare suka yi tsit. Raƙumina ya daina tuƙa. Wani wari ya taso, irin na jiƙaƙƙiyar toka.

"To, ya sunansa?" Ya zaro alƙalami.

"Mushe, tashi mu tafi," na ce a hankali, na kira shi Malam da Faransanci.

"Na ce ya sunansa!"

Babu iska, amma furen ya juyo ya fuskance shi. Wata murya ta fito daga ƙarƙashin dutse, siririya, ta tsohuwa.

"Kai fa, ya sunanka?"

Ko jaki ya san ya kama bakinsa. Amma lakwal ta koya masa in an tambaya a amsa.

"Manzo," ya ce.

Na fizgo wuyan rigarsa, na jefa shi kan raƙumi. Ban waiga ba har muka hango hayaƙin gari.

Hoton ya fito tas, an ce Nasara ya yaba. Manzo kuwa, tun daga ranar ko ka tsaga maƙogwaro da kiransa ba ya juyowa. Mahaifiyarsa Raishatu ta zo har Tarka, ta roƙe ni in kai ta wurin. Ta zuba gero, ta yi sallama, ta kira ɗanta sau ɗaya.

Daga gindin furen aka amsa mata: "Na'am, Inna."