Abin Da Ke Ƙarƙashin Kabewa

Ranar Litinin da hantsi aka kira ofishin 'yan sandan Harlow Bay, aka ce an yi sata a zauren jama'a na garin. Da Sufeto Noreen Halldorson ta tambayi me aka ɗauka, Kofur Marcel ya yi dariya.

"Filash ne fa na kwamfuta, ranki ya daɗe, ɗan mitsitsi kamar babban yatsa. Bari in leƙa in rubuta rahoto."

"Na wa?"

"Na Baba Orest Wasylyk."

Ta ajiye kofin kofinta ta ɗauki kwat. "Da ni za a je."

Duk garin an san Baba Orest da marigayiya matarsa Lesia. A wasan nan na kwamfuta da ake gina gidaje da gonaki da bulo-bulo, kowane bulo yana da zanen da ke jikinsa. Lesia ta sake zana su da ɗigo takwas a tsaye, takwas a kwance, manya-manya, launi ba ya shiga launi. Tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsu ba nishi, mai raunin ido kuma yana bambance ruwa da dutse. Kyauta take bayarwa. Ƙanen Noreen, Arni, wanda ciwon suga ya cinye rabin ganinsa, da zanen Lesia yake wasa da 'ya'yansa mata duk Lahadi. Shekara biyu ya yi ba ya ko fita ƙofa kafin wannan. Noreen ba ta manta ba.

Ta tarar da tsohon a ɗakin kwamfuta na zauren, zaune gaban durowa a buɗe, hularsa a kan gwiwa.

"Baba, me ke cikin filash ɗin?"

"Aikinta na ƙarshe, 'yata. Bulo ɗari da arba'in, a gadon asibiti ta zana su. Ranar Asabar za ta cika shekara da rasuwa, a ranar na so in sake su ga jama'a."

"Babu kwafi a gida?"

"Kwamfutar gidan ta mutu tun kaka. Na ce nan ya fi tsaro." Ya sunkuyar da kai. "Wautar tsufa."

Noreen ta durƙusa ta duba kwaɗon durowar. Ko ƙwarzane babu.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Colleen mai kula da zauren, da Trent mai koyar da kwamfuta. Amma duk nawa ne, kada ki wahalar da su."

Colleen Beardy tana kicin tana wanke tukunyar miya, ba ta ko juyo ba.

"Juma'a ƙarfe biyar na kulle, ban sake taka nan ba sai yau."

"Kin tabbata?"

"Haba Noreen, tare fa muka yi firamare."

"Shi ya sa na san idan kina ƙarya kunnenki ja yake yi."

Marcel ya miƙo takarda. Na'urar ƙofar baya ta nuna an shiga da katin Colleen ranar Asabar, sha biyu da kwata na rana.

Colleen ta jefa soson cikin ruwa. "To, na shigo! Murhun gidana ya lalace, ga bikin 'yar ƙanwata, na zo na gasa burodi a tanderun nan. An hana, na sani. Ki ɗaure ni saboda burodi."

"Burodinki bai dame ni ba. Wa kika gani?"

"Ban ga fuskar kowa ba. Amma akwai takalmin ƙanƙara a tabarmar ƙofar ɗakin kwamfuta, dusar jikinsa ba ta gama narkewa ba. Babba, da jar igiya. Na yi shiru ne don in na faɗa, ni ma na tona kaina."

Bayan azahar Trent Dueck ya zo ofis da kansa, mutum mai fara'a, ɗan shekara arba'in da ɗoriya. Ya cire takalminsa a bakin ƙofa kamar kowa. Noreen ta kalli jar igiyar takalmin.

"Abin ya taɓa ni sosai," in ji shi. "Baba Orest kamar uba yake a wurina."

"Ina kake ranar Asabar?"

"Winnipeg, gidan yayata. Tun Juma'a da yamma na tafi."

"Hanya lafiya?"

"Lafiya lau."

Da ya fita, Marcel ya ce, "Rabin mazan garin nan jar igiya gare su, ranki ya daɗe. Kantin guda ne."

"Haka ne. Amma rabin mazan garin ba su ce sun bi hanyar da aka rufe tun Juma'a da la'asar saboda guguwar dusar ƙanƙara zuwa Winnipeg ba. Sai Asabar da yamma aka buɗe ta."

Ƙarya dai ba sata ba ce, kuma ta san haka. Tana tunanin ta inda za ta ɓullo, sai ga mutane sun fara shigowa. Wata malamar makaranta ta kawo jerin sunayen waɗanda ke son a bincika gidajensu don a cire su daga zargi. Wani tsohon masunci ya ce in ana buƙatar masu tona dusar da ke bayan zauren don neman filash ɗin, yana da shebur shida. Washegari da safe kuma wata mata ta kira daga wani ƙauye can arewa, inda intanet ke rarrafe.

"Ɗana da zanen Lesia kawai kwamfutarmu ke iya wasa," ta ce. "Jiya mun ga wani sabon ƙunshi a shafin da ake ɗora su. An canza launi, amma ko a mafarki na san hannunta."

Noreen ta buɗe shafin. An ɗora shi ranar Lahadi, bulo ɗari da arba'in, da sunan wani Northpike. Ta kira Marcel.

"Allon da ke ɗakin kwamfuta, inda kowa ke rubuta sunan da yake wasa da shi. Ɗauko min hotonsa."

Northpike yana layi na biyu, kusa da sunan Trent.

Kafin ta kira shi, ta biya gidan Baba Orest da kwamfutarta. Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon bulon alkama.

"Nata ne. Amma yaya zan tabbatar wa alƙali? Wanda ya ɗora zai ce shi ya zana." Can sai ya ɗago. "Buɗe zanen kabewa. Ba gefenta ba, ƙasanta."

"Ai a wasa ba a ganin ƙasan."

"Shi ya sa."

A ɗakin kwamfutar zauren suka zauna da Trent. Da ta nuna masa shafin, bai ko girgiza ba.

"Ni ne Northpike, ban musa ba. Duk lokacin sanyin nan nake zana su. Salon Lesia na koya, laifi ne?"

"Ko kaɗan. Kowane bulo kai ka zana?"

"Ɗigo bayan ɗigo."

"To me ka sa a ƙarƙashin kabewa?"

Ya yi murmushi. "Ba komai. Wa ke ɓata lokaci a wurin da ba a gani?"

Ta juya masa allon kwamfutar. A tsakiyar ƙasan kabewar, ɗigo biyar sun yi harafin L, kusa da shi wasu sun zagaya sun yi O.

"Lesia da Orest," in ji ta. "Launin ka canza, Trent. Ba ka juya kabewar ba."

Ya kalli allon har fuskarsa ta saki. Sannan ya rufe ido da tafin hannu.

"Shekara goma sha biyar ina neman aiki a kamfanonin wasa na Montreal. Wannan karon ɗaya ya amsa, suka ce in nuna aikina kafin Litinin. Na duba nawa, na duba nata. Na ce ai ta rasu, ba abin da zai rage ta."

"Ina filash ɗin?"

"Na kai shi bakin tafki, wajen ramin da masu kamun kifi ke hudawa a ƙanƙara, don in jefa. Na tsaya har yatsuna suka sandare. Na kasa." Ya zura hannu a aljihun wandonsa ya ajiye shi a kan tebur.

Noreen ta sa aka kira Baba Orest daga kicin, inda Colleen ta tsare shi da shayi. Aka soka filash ɗin. Bulo ɗari da arba'in suka jeru, da launin da Lesia ta zaɓa. Tsohon ya ƙirga su da yatsa a kan allo, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya katse shi.

"Sun cika," ya ce. Ya kama hannun Noreen da hannu biyu. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

"Matar da ta kira daga arewa za ka gode wa, Baba. Zan ba ka lambarta."

Marcel ya taɓa kafaɗar Trent. "Mu je."

Trent ya miƙe, kansa a ƙasa. Yana ɗaura igiyar takalminsa a bakin ƙofa, sai ga tsohon ya biyo shi da kwat ɗinsa da ya bari a kan kujera.

"Sa wannan, akwai sanyi a waje."

"Baba, ni…"

"Abin da ka yi, za ka amsa a gaban alƙali, ba zan ce ba ka yi ba." Ya gyara masa wuyan kwat ɗin. "Amma ka tsaya a bakin ramin nan, ba ka jefa ba. Wannan kam na gode."

Trent ya fashe da kuka. Marcel ya jira shi ya share fuska, sannan ya buɗe ƙofa ya kai shi mota.